Zare Huɗu

Da kuɗin riɗin bara Bashari ya sayo shi
a kasuwar Gadarif, na hannu,
cikin kwalin sabulu, naɗe da tsohon bargo.
Ya dire a gabana ya ce, "Tabawa,
ki huta da ƙona bakin yadi da kyandir."

Kwana uku ina kallonsa yana kallona.
Keken da na sani zare biyu gare shi,
ɗaya a sama, ɗaya a kwarkwaro.
Wannan kuwa huɗu, sun jeru a baya
kamar masu jiran motar Madani,
kowanne da hanyarsa.
In ɗaya ya saɓa layi, duk sai su yi yaji tare.

Ashe kuma yana da wuƙa.
Tsohon kekena mai afuwa ne,
in na karkace sai in ɗauki reza in farke,
in sake, ba mai ji ba mai gani.
Wannan yana ɗaure baki yana yanka,
abin da ya ci, ya ciwu.
Mayafin Hajiya Ikhlas, ruwan goro, mai tsada,
na ɗan waiga don gahawa ta tafaso,
ya lashe masa faɗin yatsu biyu.
Na yi mata ɗinkin Sallah kyauta,
har yau gaisuwarta a bakin famfo gajera ce.

Wani tela Bahabashe a bakin tasha
ya ga na zo da zare a dunƙule kamar gashin mahaukaciya.
Ya yi dariya ya ce, "Kada ki zare tsohon.
Yanke shi daga sama, ɗaura sabo a wutsiyarsa,
ki ja a hankali,
tsohon ya san hanya, shi zai kai baƙon."

Na dawo gida ina tuna Iya.
Da ƙafa ta taso daga Haɗeja, niyyarta Makka,
guzuri ya ƙare a nan, ta haifi babana a gonar dawa.
Kalmasa take yi da hannu,
ta lashi yatsa, ta murza bakin zane, ta bi shi da allura,
tana ba ni labarin wani kogi da ban taɓa gani ba.

Na ɗaura, na ja.
Ƙullin ya bi ta lungu, ya bi ta ƙugiya, ya wuce,
sai a kafar allura ya tsaya cak.
Nan ba ya shiga, tela bai faɗa mini ba.
Dole a yanke, a zura da hannu,
ni kuwa idona ya fara hazo.

"Umaima, zo ki sa mini."
Ta amsa da Larabci, kamar kullum,
ta zo da waya a hannu ɗaya,
ta lashi bakin zaren, ta murza shi,
daidai yadda Iya ke yi, ita da ba ta riske ta ba.
Ban ce komai ba.

An kawo wuta bayan la'asar.
Jallabiya shida na jira, da wandon makarantar Sabi'u.
Na taka, ya ɗauki gurnani,
ƙyallaye na zuba a cinyata kamar ɓawon albasa.
Ina tara su a buhu.
Sun kusa isa matashin kai.