Minti Bakwai

Daren jiya Huwaila ta shimfiɗa taswira a kan tabarmata,
ta ɗora rula daga Zariya zuwa Kano,
ta ja layi ɗaya, miƙaƙƙe kamar zaren magini.
"Baba, kilomita ɗari da talatin da 'yan kai.
In iska ta yi mini kara, minti arba'in."

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Shekara talatin da ɗaya ina murza sitiyari a hanyar nan,
ban taɓa jin an ce ta miƙe ba.
Ina Tashar Yari a layin naki?
Ina Kwanar Ɗangora, inda lagireto ke neman ruwa,
ni ma in sauka in nemi nawa?
Ina Kura da shinkafarta shanye a bakin kwalta?
Ta ce, "Duk zan gan su,
kamar wake a faifai."

Yau da hantsi na jingina da wayar filin jirgi a Palladan.
Abin bai fi tsohuwar Fijona girma ba,
kujerar malaminta wayam.
Ya yi gudu, ya yi gudu,
sai ƙasa ta sake shi.
Ya ba Kufena baya.
Agogona ya ce tara da kwata.

Na zauna a rumfar Tambaya mai shayi ina ƙirga mata hanya da tawa.
Minti goma: da ni ne, ina Kwangila, saura mutum biyu mota ta cika.
Ashirin: ina rigimar canji da mai mai.
Talatin: na wuce shinge na farko, aljihu ya rage nauyi.
Arba'in.

Waya ta yi shiru.

Arba'in da ɗaya.
Shayi ya yi fata, ƙuda ya sauka ya tashi.
Tambaya yana ba ni labarin tsadar sukari,
ina ganin bakinsa kawai yana motsi.
Arba'in da huɗu, na goge fuskar wayar da hannun riga,
kamar datti ne ya hana ta magana.
Na taɓa kai kaya Fatakwal a kan taya mai faci uku,
wallahi bai kai nisan nan ba.

Arba'in da bakwai.
"Baba, na sauka.
Iska ce ta tare ni ta gaba,
kuma aka ce in zaga sau ɗaya, wani babba ya riga ni."

Ashe sama ma ana bin layi.

Na gyara murya don kada ta ji abin da ke cikinta.
"Kin ga Kwanar Ɗangora?"
"Na gani. Har da wata farar mota tsaye a gefe."

Na ce, "Ruwa take nema.
Tambaya, sake ɗumama mini wannan."