Hawan El Alto

La Paz kwano ce, mu a bakinta muke kwana.
Wanda ya gangara da safe
sai ya biya bashin hawa da yamma.
Shekara goma sha tara ƙafata ta hagu ke biyan nawa,
ita da farar bas ɗin da Baba ya bari.

Ran Talata na karɓo ta daga garejin Cirilo Apaza.
Sabon farantin kuloci, ya ce,
ya goge hannu da tsumma, ya miƙo makulli.
Kwana tara giya na shiga kamar wuƙa a man shanu.

A na goma, da fasinja sha huɗu,
da buhun dankalin Doña Basilia a kan rufi,
daidai kwanar da dutsen Illimani ke leƙo mutum ta madubi,
na taka totur.
Inji ya kwarma ihu, allura ta haura,
mota ta tsaya tana sauraronsa
kamar ba da ita yake ba.

Sai wari.
Ƙaurin gashi a wuta,
ƙaurin tukunyar da aka manta a murhu,
ƙaurin kuɗin makarantar Nélida.
Na ja hambirki da hannu biyu.
Wilmer, yaron mota, ya dira ya cusa dutse bayan taya.
Wata tsohuwa ta gyara zaman malfarta ta ce,
"Ɗana, ba ni kuɗina, zan bi ta sama."
Na ɗaga kai. Jajayen akwatuna na wucewa a kan igiya,
ba hayaƙi, ba giya,
ba wanda ƙafarsa ke rawa.

A bayan motar ja na isa gareji,
tun daga hanya nake wasa magana a baki.
Cirilo bai ce uffan ba. Ya shige ƙarƙashi.
Awa uku, sai ga shi da farantin:
baƙi ƙirin, sumul kamar bayan cokali,
kusoshi sun fito suna yaƙe.

Ya sauko da kwali biyu daga kanta.
Launi ɗaya, tambari ɗaya,
har rubutun Japan ɗin bai bambanta ba.
"Ɗaga," ya ce. Na ɗaga.
Ɗaya da nauyi kamar alkawari,
ɗayan kamar "sai na zo".

"Wanne ka kawo mini daga kasuwar Lahadi?"

Maganar da na wasa ta juyo ta yanke ni.
Ni na saya.
Mai rumfa ya rantse da kabarin uwarsa,
ya yanke rabin kuɗi, na ji ni ne gwani.
Na tuna Cirilo ya jujjuya kwalin ran nan,
ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?"
Na ce ɗaura kawai, maigida, ƙarfe ƙarfe ne.
Da rarar na sayo wa Nélida takalmi.
Takalmin dai yana nan, lafiya lau.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa,
amma ni rariyata a kwalin ƙwarya ta zo.

Na ranci kuɗi wajen surukina.
Wannan karon tare muka je da Cirilo,
ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya nemi rasit.
A hanyar dawowa ya ce,
"Masu jabu ma sun fara koyon nauyi.
Baɗi ban san da me zan gane ba."

Yanzu wata biyu ke nan tana hawa.
Duk da haka, in na zo kwanar nan
nakan rage rediyo, in buɗe taga.
Wilmer ya daina kiran fasinja,
idonsa a gefen titi.
Dutsen nan yana inda ya bar shi.