Wuyan Riga a Gazipur

Ni Shefali, wuyan riga ne aikina,
wuya kawai, ban taɓa ɗinka hannu ba.
Ɗari da ashirin a awa guda.
Parul na gefena tana dasa maɓalli,
ba ma hira, ƙarar kekuna ta cinye muryarmu.

Ran nan na juya takardar farashi a jikin wata riga,
aka fassara min lambar:
riga ɗaya, albashina na kwana tara.
Na yi dariya har allura ta soke ni.

Da muka fita titi neman ƙarin Taka dubu biyu,
manaja ya tara mu a gindin bene,
ya ce mai saye yana can ƙetaren teku,
bai san sunanmu ba, lissafi ya sani;
in mun yi tsada akwai wata ƙasa,
akwai wasu mata,
yunwarsu ta fi tamu arha.

Ban musa ba. Keken nan ma
daga hannun wata aka zare shi ya zo gare ni.
Har yau akwai rubutun Koriya a gindinsa,
da jan zaren da ta ɗaura, ban kwance ba.

Kogi ya cinye gonar babana a Bhola,
aikin nan ne ya kai ɗiyata aji biyar.
Hannun da ya ba ni shinkafa
shi ke auna min ita da cokali.
Gobe ƙarfe takwas ina kan kujerata,
in jirgin ruwa bai canza hanya ba.