Yatsun Kaka Zuleide

Shekara huɗu sama ta kame bakinta a kanmu.
Ƙauyenmu yana can cikin Ceará, ana ce masa Tafkin Zuma,
tafkin ya tsattsage kamar dugadugan manomi,
zumar kuwa ban taɓa lasa ba.

Ranar Laraba tankar ruwa take zuwa.
Tun daga gangare muke jin gurnaninta,
kowa ya fito da abin da ya mallaka,
duro, tulu, bokiti, har tukunyar dafa wake.
Wanda ya san ƙishi ba ya wasa da ɗigo.
Muka adana ruwa a bayan ɗaki, a gindin kashu,
ashe shimfiɗa muke yi wa baƙo.

Ɗan mitsitsi ne, da ratsin fari a ƙafafu.
Ba ya jiran dare.
Da hantsi yake zuwa, kana tsaka da shanya,
kuma bai damu da kwata ba,
ruwan da muke tattali shi yake so.

Kakata leshi take saƙawa.
Matashi a cinya, ƙayar mandakaru a madadin allura,
'yan sanduna arba'in suna ƙwas-ƙwas a tsakanin yatsunta,
da wannan sautin na yi barci tun ina goye.
Zazzaɓin ya shigo mata ranar Lahadi bayan coci.
Kwana shida ya yi, ya tafi,
ya bar kayansa a gaɓoɓinta.
Cikungunya, in ji malamar asibiti,
bayan tafiyar awa biyu a bayan akori-kura,
ta ba mu ƙwaya goma sha biyu da haƙuri.

Yanzu yatsun sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza.
Cokali ma sai ta yi masa dabara.
Mai saye ya zo daga Fortaleza,
ya dubi mayafin tebur da ya tsaya a rabi,
ya sha kofi, ya ce Allah ya sawwaƙe.
Gidan ya yi tsit, har agogo ya yi mana yawa.

Maƙwabciyarmu Marinalva ta haihu a watan nan.
Kullum da safe tana ɗauko tef ɗin ɗinki
ta zagaya kan jaririn, ta rubuta a bango.
Ba mai tambayarta dalili.

Josenildo ya zo a babur, jakar gwamnati a kafaɗa,
ya haska tocila cikin duronmu.
Ga su nan, wutsil-wutsil, kamar waƙafi masu rai.
Ya ce, a zubar.
Kaka ta yi dariyar da ba ta kai ido ba:
Yaro, ka taɓa jiran Laraba da busasshen maƙogwaro?
Ya yi shiru. Ya barbaɗa garinsa,
ya ce to a rufe, a rufe ruf,
ya sa hannu a takardar bayan ƙofa.
Da ya dawo bayan wata guda
shi ma a duƙe yake saukowa daga babur.

Jiya ta kira ni: Edivânia, zauna.
Ta tura mini matashin da gwiwar hannu.
Ni da na rantse Recife zan tafi koyon gyaran waya.
Ɗaga na hagu, ta ce, tsallaka, murɗa, a'a, sake.
Bakinta ya zama yatsu, yatsuna suka zama jakuna.
Na ce, furen fa, Kaka, ina furen?
Ta ce bar fure.
Matse idon saƙar, matse shi sosai,
marfin duro za mu yi.

Har yanzu idon yana da faɗi.
Na warware sau uku.
Gobe Laraba.