Ƙwan Keken Inna

Daren Laraba ya mutu,
ɗan ƙwan da ke goshin keken ɗinkin Inna.
Ya yi ƙyas, zaren cikinsa ya tsinke,
allura ta tsaya a rabin wuyan riga.

Da safe na naɗe shi a ƙyalle
kamar mai ɗauke da ƙwan kurciya,
na bi ta Ƙofar Guga na faɗa 'Yar Kutungu.

Yaron shagon farko ya miƙo mini
wani ƙato mai kai kamar ludayi.
Na ce, a ina zai zauna?
Na biyu ya ce an daina yin irinsa
tun yana goye.
Na uku ya kawo daidai tsawo, daidai kauri,
har na sa hannu aljihu,
sai na ga gindinsa na murɗawa ne.
Namu kunnuwa biyu gare shi:
a danna, a karkata kaɗan, ya kama.

Aka ce in nemi Malam Tanimu
can bayan masu gyaran fanka.
Yana ta rufe masa ido ɗaya,
ɗayan ma saura ƙiris.
Bai ɗaga shi sama ba. Ya ce, miƙo.

Babban yatsansa ya zaga gilashin,
ya gangara wuya, ya tsaya.
"Siffar dabino, ba ta goriba ba.
Tsawo gaɓa biyu.
Ga kunne, ga kunne,
ɗigon dalma biyu a ƙasa.
Ku yaran yanzu kai kuke kallo,
alhali gindi ke riƙe da wuta."

Ya laluba ƙasan benci,
ya jawo tsohon gwangwanin madara,
ya girgiza shi kusa da kunne,
ya zaro ɗaya, ƙura ta yi masa riga.
Ya haɗa su gindi da gindi a tafinsa,
kamar tagwayen da aka raba goyo.

Da magariba na danna, na karkata.
Hasken ya fito ruwan zuma,
ya sauka daidai kan allura.
Inna ta ce, madalla,
sannan ta ce, ina tsohon?

Na ce ai ya ƙone.
Ta ce na sani, ba ni.
Babanku ya sa shi da hannunsa.
Ta jefa shi cikin gwangwanin maɓallai,
ta lashi bakin zare,
ta ci gaba daga inda ta tsaya.