Igiyar Awo

Shekara ashirin da biyu ina auna ƙugun mutanen Garwa.
Na san cikin alhazai, na san na 'yan dako,
na san wanda ya samu kwangila tun kafin matarsa ta ji.
Nawa ne kaɗai ban taɓa zagayawa ba.

Sai ranar da allura ta faɗi ƙarƙashin keke.
Na sunkuya, tumbi ya ce, ina zuwa?
Na ɗago ina haki kamar na hau dutsen Tingilin,
yaron shagona ya kau da kai, kafaɗunsa na rawa.

A asibiti wata yarinya ta naɗa min roba a damtse,
ta dubi na'ura, ta dube ni,
ta ce, "Baba Sallau, jininka ya fi kekenka gudu."

Maƙwabcina Bawuro ya ce akwai shayin narkar da teɓa,
kwali ɗaya jaka goma sha biyu.
Na lissafa: ɗinkin riga huɗu ke nan, har da aikin wuya.
Na ce a kai kasuwa.

Da dare na tsuguna bakin murhu kusa da Astajam,
inda rabona da zama tun lallen aurenmu bai goge ba.
Na ce, man nan da ake kwararawa, a koma cokali.
Ta ce, "Kai ne fa mai cewa miya ba ta ƙyalli."
Na ce, ni ne. Na janye.

Dunƙule uku ya koma ɗaya, daddawa ta dawo ɗakinta.
Yakuwar dala ashirin,
zogalen bayan gida wanda awaki kaɗai ke gaisarwa,
kifin Binuwai a kan garwashi, kasko ya huta.
Tuwon dawa malmala guda,
ta biyun na kallo na, ina kallon rufi.

Shayi ne ya fi ciwo.
Ƙwayar sukari biyar nake jefawa,
na koma uku, na koma ɗaya,
na yi sati ina fushi da kowa, har da kyanwa.
Ladiyo mai fanke ta daina amsa gaisuwata.

Na bar tare babur.
Daga Yalwa zuwa kasuwa ƙafa ce,
bayan asuba, kafin rana ta fiddo haƙoranta.
Kuɗin hawa kuwa, ƙwal, cikin gwangwanin madara.
Ran Lahadi nakan miƙe har gada.
Can na ga dorina ta ɗago hanci, na ce mata,
ke da ciyawa kaɗai kike ci, dubi yadda kike!
Ta nutse abinta. Na ci gaba da tafiya.

Ba zan yi ƙarya ba:
a sunan jikan Bawuro na ci tsire har na kwance mazagi.
Washegari ban zagi kaina ba,
na dai ɗauki takalmi.

Wata na biyar gari ya soma magana.
Sallau ya zube, ko bashi ne?
Ko ciwon nan da ba a faɗi?
Wani alhaji ya ja ni gefe, ya cusa min kuɗi a aljihu,
ya ce, "Rufin asiri ai na juna ne."
Na mayar masa. Na tsaya kallon cikinsa
wanda ni nake ƙara wa yadi duk Sallah.
Bakina ya yi nauyi, na ce ya gaida gida.

Jiya na rage wandona da hannuna,
yatsa huɗu, ba ko sisi.
Gwangwanin ma na fasa shi,
kuɗin ya tafi a sabon takalmi, tsohon hanya ta cinye.

Ɗazu allura ta sake faɗuwa.
Yaron ya yunƙura.
Na ce, zauna.