Taku Goma Sha Biyu

Ni na shata filin.
Tun asuba na bi gidajen malamai da buhu
ina roƙon tokar murhu.
Matar firinsifal ta juye mini ta kwana uku,
ta ce, "Haladu, kar ka zubar mini a ƙofa."

Na tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo,
na ja igiya daga gindin darbejiya
har inda gonar Alhaji Mati ta tsaya,
na bi ta a duƙe, tafi bayan tafi,
fari yana kwanciya a kan jar ƙasa.
Sau biyu awaki suka ratsa, sau biyu na sake.

Shekara ashirin da huɗu ina lebura a kwalejin nan,
ba mu taɓa leƙa wasan ƙarshe ba sai bana.
Ga kofin shiyya a kan teburin aji,
an goge shi har yana kashe ido.

'Yan Ringim suka iso a bayan tifa, da kalangu,
riga ruwan ɗorawa, takalma iri ɗaya.
Namu na Garki kowa da abin da ya samu.
Shazali ya aro na yayansa,
ya cusa tsumma a gaba don ya zauna.

Yara sun cika rassa kamar jemagu.
Mai rake ya manta da wuƙarsa.
Suka ci, muka rama,
rana ta sunkuya tana kallo ta bayan rumbuna.

Saura minti biyu aka kwashe Shazali a gaban raga.
Usur.
Alƙali ya miƙa hannu, ya nuna ɗigon tokata.

To, ga abin da ba wanda ya sani.
Taku goma sha biyu ne daga bakin raga,
kuma a da takuna yadi ne cif.
Amma tun damina gwiwar hagu take gardama,
ƙafa ba ta kai inda ta saba kaiwa.
Da safe na ƙirga sha biyu, na tsaya,
zuciya ta ce, anya ya cika?
Kada a ce ɗan gida ya yi wa baƙo ƙwange.
Sai na ƙara rabi.
Rabin taku kaɗai, tsawon ludayi.

Shazali ya ja baya, ya tofa addu'a a tafi.
Ya buga.
Ƙwallo ta tashi, tana tashi, tana tashi,
ta daki ƙarfen sama, ƙau!
Har yanzu ƙarar tana cikin haƙorina.

Kafin mu rufe baki sun kai ta can gefen,
kalangu ya fashe,
kofi ya hau tifa ya kama hanyar Ringim.

Da fili ya watse na tarar da shi zaune a kan ɗigon,
toka duk a wandonsa.
Ya ce, "Baba Haladu, ƙafata ce."
Na buɗe baki,
ladan ya riga ni.
Na ce, "Tashi, magariba ta yi."

Akwai awo a shagon Ilu kafinta,
zai ba ni aro in na tambaya.
Ban tambaya ba.
Na tsaya har yaron ya shige kwana,
na sa ƙafa na share ɗigon,
da ta hagun.